Bagobira a Gaban Allon Badun

Tun da na dawo daga Badun ban sha ruwa cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Da na ajiye jaka sai a ce, "Madan Rakiya, ba mu labari." Na ba da shi a lise, wato sakandaren da nake koyarwa, na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a waya har kunnena ya yi zafi, kuma kowane karo sai an sami mai cewa ai ba haka na faɗa wa wance ba. To ga shi a rubuce. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar lissafi ce a Tasawa, amma cibiyata tana wani ƙauye arewa da Mayahi. Shekara biyar ke nan ina fama da tez, wato kundin digirin dakta, ina koyarwa ina goyo ina rubutu. An rage mini awoyin aji saboda karatun, kuma wannan sassaucin bana yake ƙarewa. Ƙa'ida kuwa ita ce, ba a barin mutum ya kare tez sai wani masani na waje ya karanta ya sa hannu. Malamina na Maraɗi ya kira ni ofishinsa ya ce, "Madan, mutum guda na sani da ya san wanga fanni naki ciki da bai. Wata Farfesa Abike ce, za ta kasance wurin taron masana lissafi a Badun. Na samo miki minti goma sha biyar ki yi magana gabanta. In ta karɓa, bana ki kare. In ba ta karɓa ba..." Bai ƙarasa ba, ya dai dubi kwalin da na zuba kundin a ciki. Na gane. Ko dai in dawo da sa hannunta, ko shekara biyar ta koma ƙarƙashin gado.

Baban Nana, maigidana, shi ya ɗauke ni a moto, wato babur, don mu yanke ta Korgom zuwa iyaka. Ni a baya, kwali a bayana an ɗaure da roba, ga ƙullin cuku da na yi wa Farfesa tsaraba. Gab da Hawan Dawaki muka shiga wani rairayi, moto ta yi rawa, ta yi rawa, sai ga mu duka a ƙasa. Ban san lokacin da na miƙe na ruga wajen kwalin ina kaɗe shi ba. Da na waiwayo, bawan Allah yana zaune cikin yashi, hula a gefe, yana kallona.

"Maman Nana, ni na hwaɗi, amma kwali kinka ruga ma?"

"Kai ai kana iya tashi da kanka," na ce masa.

Har muka isa iyaka yana mita ina dariya. Da zai juya sai ya riƙe kan moto ya ce, "Ki tahi ki gwada musu. Kada ki ji tsoron kowa." Na ce to, ban san da wannan "to" ɗin za a kama ni ba.

A tsallaken iyaka wani jami'i mai faɗin kafaɗa ya ce in buɗe kwali. Ya ɗaga shafi ɗaya, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Hajiya, wannan hatimi ne ko laya?"

"Lissafi ne, Yallaɓai."

"Lissafi? To ina lambobin? Ni ban ga ko biyar ba a nan."

Na ga in ban yi masa bayani ba a nan zan yini. Na tsinci tsakuwa na ce, "Ga rijiya, ruwanta garke ɗaya yake isa a yini. Mai tumaki ya ce cikin kowane kwana biyu a jere dole ya sami ɗaya. Mai shanu ya ce shi cikin kowane kwana uku. Mai raƙuma ya ce ko sau ɗaya a wata ya ishe shi. Raba musu kwanakin."

Ya yi dariya. "Wannan ai wasan yara ne. Rabi da sulusi, ai da saura." Ya tsuguna da kakinsa ya fara jera tsakuwa. Ya jera ya rushe, ya jera ya rushe. Layi ya yi tsawo a bayana, wani mai buhunan wake yana ta tsaki, shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Da na ga azahar za ta same mu sai na ce, "Yallaɓai, ranar da ka ba mai raƙuma, jiyanta ta wa ce?"

"Mai tumaki, dole."

"Gobenta fa?"

"Mai tumaki."

"Kwana uku ke nan a jere. Ina mai shanu?"

Ya cire hula ya sosa kai. "Kai! Wato duk haƙurin mai raƙuman nan ba shi da rana ko ɗaya?" Na ce sai dai ya nemi wata rijiya. Ya buga mini hatimi yana girgiza kai, ya kuma zuba tsakuwoyin a aljihu, wai zai kama ogansa da su.

To abin da nake bincike ke nan, ga masu cewa shekara biyar ina ƙirga me. Masana sun daɗe suna zaton cewa in aka haɗa buƙatun garkunan ba su wuce biyar bisa shida ba, kullum akwai tsarin da zai ishi kowa, kuma ba a daɗe da tabbatar da haka ba, da taimakon na'ura. Su ba don rijiya suka yi ba, don injuna ne da eriyoyin waya masu jiran layi. Ni kuwa rijiyar babana na gani a ciki. Shi ne mai raba kwana a rijiyar ƙauyenmu, mai gwafa biyu, wato garke biyu ke sha a yini, kuma akwai masu garken da ba a haɗa su rana ɗaya saboda tsohuwar gaba. Shi da ka yake yi. Ni na ɗauki wannan na mai da shi ƙa'ida, na kuma kafa mata hujja.

Na kwana Kano gidan wata 'yar ƙanwar innata, da asuba na shiga doguwar mota. Ba zan gajiyar da ku da hanya ba, duwawuna dai sun san nisan ƙasar nan. Abin da ya tsaya mini shi ne inda muka ci abinci bayan mun haye Kwara. Wata Bayarbiya mai ƙiba tana zuba amala, wani tuwo baƙi mai santsi da miya mai yauƙi. Ta ɗago ta dubi kumatuna, ta ga zanen gidanmu, sai ta saki ludayi ta tafa hannu.

"Bagobira! Baiwata ta zo gaishe ni!"

Wallahi sai na ji kamar a gida nake. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da aka faɗa ba a fushi, ko da tsoho ne da yaro. Na ce, "Ke dai zuba wa uwargijiyarki abinci, ki daina surutu." Ta ƙara mini nama biyu, ta kuma rama da barkono. Na ci ina hawaye ina hura hanci, ita tana ta dariya tana kiran maƙwabta su zo su ga jarumar Gobir.

A Badun aka sauke mu a masaukin baƙi na wata jami'a, mu biyu a ɗaki. Abokiyar ɗakina Solanj ce, 'yar Kamaru, siririya mai saurin magana, kuma da na ji Faransanci a bakinta sai da na rungume ta, don Ingilishina na littafi ne, ina karanta shi amma in ya fito bakina sai ya yi ɗingishi. Ita tana aiki ne a kan wasu lanƙwasassun layuka da ake ɓoye sirrin saƙon waya da su. Ta ce ana tsoron wata sabuwar irin na'ura za ta zo ta kwance duk makullan da ake amfani da su yanzu, shi ya sa suke rige-rigen ƙera wasu. Na ce ni dai a bar mini saƙonnina da Baban Nana, ba komai ciki sai cefane. Ruwan sama kuwa kullum, wankina ya kwana uku bai bushe ba, har na fara kewar ranar Tasawa da nake zagi.

Taron kansa, jama'a, kasuwa ce. Wani ya yi bayanin yadda za a kwashe tulin yashi a cike ramuka da mafi ƙarancin wahala, wai da wannan ake koya wa na'ura gane hotuna. Na ce a raina, yashi dai, da ka zo Hawan Dawaki an ba ka kyauta. Wata ta kawo lissafin yaɗuwar zazzaɓin sauro, inda ta sa wa cutar tunawa da abin da ya wuce cikin ma'aunanta. Wani saurayi ya nuna na'urar da ke bin hujja layi-layi tana kama kuskure, sai na ga tsofaffin farfesoshi suna gyara zama. Wani dattijo kuma awa guda yana magana a kan ƙulli, ƙullin igiya dai, yadda za a gane ko ƙulli biyu ɗaya ne ba tare da an kwance su ba. Rabin abin ban gane ba, amma daɗi kamar ya kashe ni. A Tasawa in na ce lissafi sai a ce Allah ya ba da haƙuri, ga ni yau cikin ɗaki cike da masu irin ciwona.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ladabinsu. A bakin ƙofa ɗalibi namiji zai zube ƙasa ya gaida farfesa, mace ta durƙusa gwiwa biyu, har na ce waɗannan sun fi mu. Amma da an shiga zaure, wannan da ya zube ɗazu shi zai ɗaga hannu ya ce, "Farfesa, layi na uku ba daidai ba ne." Farfesan kuma ya duba ya ce na gode. Mu kuwa kun sani, babba ko ya ce rana daga yamma take fitowa, sai ka ce haka ne, in ya so daga baya ka nemi wanda zai je ya gaya masa da dabara.

Rana ta uku aka kira sunana. Farfesa Abike tana layin gaba, 'yar ƙaramar tsohuwa Bayarbiya da ɗaurin kai ya fi ta girma, tabarau a kan hanci. Na hau, na ga furfura jere a gabana, sai tarbiyya ta motsa. Yaya zan fara magana ban gaida manya ba? Na gaida shugaban zama. Na gaida farfesoshi ɗaya bayan ɗaya. Na isar da gaisuwar malamina, na yi godiya ga masu masauki, na nemi afuwa a kan Ingilishina. Ina cikin neman afuwar ne na ga an ɗaga mini takarda, saura minti bakwai. Na dinga tsallake shafuka kamar mai gudun kare, na faɗi sakamakon, na yi rabin hujja, aka buga ƙararrawa.

Farfesa ta ɗaga yatsa. Ta tashi da kanta ta zo allo, ta zana garke uku da kowannensu ke gaba da sauran biyun, ta jera kwanaki, ta nuna tsarin ya karye. Ta juyo ta ce, "Ga misali. Ƙa'idarki ba ta tsaya ba."

Ina kallon allon na ga inda matsalar take. Ƙa'idata ta ce kowane garke abokin gabarsa bai wuce ɗaya ba. Nata misalin kowa na da biyu. Sharaɗin yana cikin shafin da na tsallake. Amsar tana kan harshena, cikakkiya. Amma tsohuwa ce, ta yi jika da ni, ga mutane cike da zaure. Sai na ji bakina ya ce, "Haka ne, Mama. Gaskiyarki ne." Har da ɗan rusunawa.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ajiye alli, ta koma ta zauna. Ba ta sake kallon inda nake ba.

A ɗaki na yi kuka mai isata. Da na share hawaye sai na ɗauko ƙullin cuku na ce wa Solanj, "'Yar'uwa, ki taimake ni. Ki kai mata wannan, ki ce wata ta ce ko za a sake duba misalin nan, wataƙila akwai sharaɗin da ba a ji ba."

Solanj ta riƙe ƙugu. "Wata wa? Tez ɗin tawa ce? Kuma ki aika wa mai karanta miki kundi da kyauta kafin ta karanta? So kike ta ce kin zo sayen ta?" Ta ɓare cukun ta gutsura. "Wannan ni zan ci. Ke kuma jibi akwai zaman tambayoyi na ƙarshe. Ki tashi ki ce mata ta yi kuskure."

"A gaban mutane? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

"To ki koma da tarbiyyarki cikin kwali."

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Na san abin da ya kamata in yi, ƙafafuna ne suka ƙi.

Da safe na fita bakin ƙofar jami'a wajen wani mai shayi ɗan arewa, ko zan ji Hausa zuciyata ta yi sanyi. Ina zaune a benci na juya baya sai na ji wata murya tana cewa, "Kai Malam, wannan shayi ne ko ruwan wanke kofi? Ƙara madara, kada ka cuce ni." Hausa tsantsa, irin ta Zariya. Na leƙa. Ɗaurin kan nan ne na Farfesa. Da ta tafi na tambayi mai shayin, ya ce ai Mama a Zariya aka haife ta, can ta girma. Na ajiye kofin. Bayarbiya, kuma ta tashi cikin Hausawa. To ta san wasa ke nan! Babba ba a musa masa, gaskiya ne, amma wa ya taɓa hana Bagobira faɗa wa Bayarbiya abin da ta ga dama? Na tashi ina dariya ni kaɗai, mai shayi yana kirana ban shanye ba.

A zaman ƙarshe da aka ce akwai mai tambaya, na ga hannuna a sama. Na miƙe. Ingilishin da na tanada ya gudu ya bar ni, sai na yi da Hausa.

"Mama, kafin in yi magana, ki dubi kumatuna."

Farfesa ta juyo gare ni. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta ƙura mini ido.

"Bagobira?"

"Bagobira. Kuma ni ban taɓa jin inda baiwa ta gyara wa uwargijiyarta lissafi ba. Misalinki na shekaranjiya ba daidai ba ne."

'Yan arewa uku da ke bayana suka rufe baki. Sauran jama'a suna ta waige-waige, ba su san me aka ce ba. Na ce shi ke nan, na kashe kaina. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta ƙyalƙyale da dariya har tana buga tebur.

"Lalle bayi sun yi ƙiba a garin nan! Zo ki ɗauki alli, in ga ko kanki ya kai bakinki."

Na je. Na rubuta sharaɗin da manyan baƙaƙe, na zagaye garkunanta uku na nuna kowanne da abokan gaba biyu. Ta ce, yanzu da Ingilishi don kowa ya ji, "Wato kin tsallake sharaɗin kika tsaya gaishe mu?" Zaure ya fashe da dariya. Amma ba ta sake ni ba. Ta ce in nuna mata daidai inda hujjar ta jingina da sharaɗin. Na nuna. Ta kawo wani misalin, na rushe shi. Ta kawo na uku, muka tsaya mu biyu muna kallon allo, sai ita da kanta ta ce a'a, wannan ma ya faɗi. Alli ya ɓata mini mayafi, ɗankwalina ya zame, Ingilishi da Faransanci da Hausa duk na gwamutsa su, ban damu ba. Sai da shugaban zama ya roƙe mu don abinci yana hucewa.

A bakin ƙofa ta riƙe hannuna. "Kin san amsar tun ranar?"

"Na sani, Mama."

"Me ya sa kika ce gaskiyata?"

"Kin haife ni."

"A waje na haife ki. A gaban allo ba ni da 'ya. Ranar nan na cire ki daga raina, don wadda ba za ta tsaya wa aikinta ba, ni ba zan tsaya mata ba." Ta saki hannuna. "Je ki kawo kwalin."

Ban san da ƙafa na je masauki ko da fiffike ba. Solanj tana bina a guje tana ihu da Faransanci, bakinta duk cuku. Hanyar dawowa kuwa ko gajiya ban ji ba, ina ta yi wa mutanen mota murmushi har wata ta matsa ta ba ni wuri.

Makon jiya kundin ya dawo, Farfesa ta yi masa wanka da jan bik, wato biro. Ta ce za ta sa hannu, a sa ranar karewa bayan girbi, amma sai na amsa mata manyan kurakurai uku da ta gani. Na zauna kansu kwana huɗu. Na farko gaskiyarta ne, na gyara. Na biyu ma gaskiyarta ne, har na ji kunya. Na ukun na bi shi gaba, na bi shi baya, na sake bin shi, ita ce ta yi kuskure.

Na ɗauki waya. Na rubuta gaisuwa layi shida, na dube ta, na goge biyar. A ƙarƙashin ɗayan da ya rage na rubuta, "Mama, na ukun ba haka ba ne," na bi shi da hujja. Ban kira ta baiwa ba, ban ambaci Gobir ba. Na aika.